Tarihin wasan Rose Bowl da yadda ake caca a kansa

Wani ɗan'uwa mai bin harkar wasanni ya aiko da tambaya. Ya ce a farkon kowace sabuwar shekara yakan tarar tashoshin wasanni na Amurka sun cika da zancen wani wasa da ɗaliban jami'a ke bugawa mai suna Rose Bowl, kuma a gefen sunan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin yakan ga an rubuta lamba mai alamar ragi, kamar −7 ko −2.5. Yana so ya san asalin wasan, da ma'anar wannan lamba, da kuma ko mutumin da ya laƙanci tarihin wasan zai iya hango sakamako har ya riƙa cin kuɗin masu karɓar caca.

Malam, tambayoyinka uku ne amma saiwarsu ɗaya, domin matsalar da ta kusa kashe Rose Bowl tun yana jariri ita ce ta haifi lambar da kake gani. Kafin mu kai can, ya kamata a san cewa ƙwallon da ake magana a kai ba irin wadda muka saba da ita ba ce. Ƙwallon Amurka doguwa ce mai tsini a baki biyu, da hannu ake ɗaukarta a gudu ko a jefa ta, kuma kowace ƙungiya tana da yunƙuri huɗu na ciyar da ita gaba yadi goma, in ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita yankin ƙarshe na filin ya sami maki shida, sannan a ba shi damar ƙara ɗaya da bugu ko biyu da wani yunƙurin. Wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sandunan nan ya sami maki uku. Ka riƙe lambobin uku da bakwai a ranka, za mu dawo kansu.

Garin Pasadena yana jihar Kalifoniya, dab da birnin Los Angeles. A shekarar 1890 wasu masu hali na garin, mambobin wani kulob mai suna Valley Hunt Club, waɗanda yawancinsu daga gabashi da tsakiyar ƙasar suka ƙauro, suka shirya jerin gwanon kekunan doki da aka lulluɓe da furanni a ranar ɗaya ga Janairu, don su nuna wa danginsu da ƙanƙara ta rufe a New York da Shikago cewa su a nan furen wardi ke buɗewa a tsakiyar hunturu. Talla ce ta gari, kuma ta karɓu. Da bikin ya girma sai masu shirya shi suka nemi abin da zai ƙara jawo jama'a ya kuma rage musu nauyin kashe kuɗi, shi ne a ranar 1 ga Janairun 1902 suka gayyato ƙungiyar Jami'ar Michigan daga gabas ta kara da ta Jami'ar Stanford daga yamma, a wani fili da ake kira Tournament Park, a gaban 'yan kallo kimanin dubu takwas.

Zaɓen bai yi daɗi ba. Michigan ta wannan shekarar, ƙarƙashin mai horarwa Fielding Yost, wanda shekara ɗaya kafin nan Stanford ɗin yake horarwa, ta gama kakar wasanta da maki 550 ba tare da an ci ta ko ɗaya ba. Ta lallasa Stanford 49 da nema, har kyaftin ɗin Stanford ya nemi a tsayar da wasan saura minti takwas a tashi. Masu shirya biki suka ga cewa ba wanda zai sake biyan kuɗi don ya kalli yadda ake wulaƙanta 'yan gida, sai suka ajiye ƙwallo gaba ɗaya suka koma tseren kekunan doki irin na Rumawan da. An yi tseren jimina, an ma taɓa haɗa raƙumi da giwa tsere. Sai a 1916 aka dawo da ƙwallo, inda Washington State ta doke Brown da ci 14 da nema, kuma daga wannan shekarar ba a sake tsallake wasan ba.

Sunan da kake ji daga filin ya samo asali. Jama'a ta yi wa tsohon fili yawa, sai aka gina sabo a kwarin Arroyo Seco a 1922, bisa zanen wani masanin gini mai suna Myron Hunt, wanda ya kwaikwayi filin Jami'ar Yale mai siffar kwano. Kalmar "bowl" kwano take nufi, "rose" kuma furen wardi. Wasan Rose Bowl na farko a sabon filin shi ne na 1 ga Janairun 1923, inda Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka fi sani da USC, ta ci Penn State 14 da 3. Da wasu garuruwa masu ɗumi suka ga ribar da Pasadena ke samu sai suka kafa nasu, Orange Bowl a Miami da Sugar Bowl a New Orleans a 1935, Cotton Bowl a Dallas a 1937, duk suka ari kalmar ko da filinsu bai yi kama da kwano ba. Yau akwai irin waɗannan wasanni kusan arba'in, shi ya sa Amurkawa ke yi wa Rose Bowl kirari da kakan dukkansu. Kai ma wataƙila ka san filin ba tare da ka san sunansa ba, domin a nan Roberto Baggio ya ɗaga bugun fenariti sama a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994 Birazil ta ɗauki kofi, kuma a nan Kamaru ta yi kunnen doki biyu da biyu da Suwidin a gasar.

Shekarun farko suna da labarai da yawa, amma biyu sun isa. A 1926 Alabama ta ci Washington 20 da 19, a lokacin da ake ganin jami'o'in kudu ba su iya ƙwallo ba, kuma mutanen kudancin Amurka har yanzu daga wannan wasa suke lissafin tashin ƙwallonsu. Na 1929 kuwa shi ne wanda nake so duk mai tunanin caca ya sani. Wani ɗan wasan Jami'ar Kalifoniya, Roy Riegels, ya tsinci ƙwallon da ta suɓuce wa ɗan Georgia Tech, aka bangaje shi ya juya, ya rikice, ya kwasa da gudu ya nufi gidansu. Ya yi yadi sittin da wani abu yana gudu ta inda bai kamata ba, abokinsa Benny Lom na bin sa yana ihu, bai cim masa ba sai a bakin layin ƙarshe. Kalifoniya ta yi ƙoƙarin buga ƙwallon ta fitar da ita daga hatsari, aka tare bugun, Georgia Tech ta sami maki biyu. Da aka tashi ci 8 da 7 ne, Georgia Tech ke gaba. Babu wani nazari da zai hango saurayi ɗan shekara ashirin zai manta inda gabas take.

Sau biyu kawai aka fitar da wasan daga Pasadena. A 1942, makonni kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, hukumomin soja suka hana tara jama'a a gaɓar yamma, sai aka kai wasan Durham a jihar North Carolina, inda Oregon State ta ci Duke 20 da 16 a gidanta. Na biyun shi ne na 2021, lokacin annobar korona, wanda zan dawo kansa don yana da darasi a ɓangaren caca.

Maganin da masu shirya wasan suka samo wa ciwon 1902 ya tabbata ne a 1947, lokacin da aka fara aiki da yarjejeniyar da ta ce kowace shekara rukunin jami'o'in gaɓar yamma zai turo gwarzonsa ya kara da gwarzon rukunin tsakiyar ƙasar, wanda aka sani da Big Ten. Dabarar ita ce idan zakara ya haɗu da zakara, da wuya a sami cin kaca. Rediyo ta riga ta kai wasan ko'ina a ƙasar tun 1927, talbijin ta bi baya a 1952, kuma a 1973 mutum 106,869 suka shiga filin suka ga USC ta ci Ohio State 42 da 17. Tsohuwar al'adar ita ce a fara da misalin ƙarfe biyu na rana agogon can, wato sha ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar, ta yadda rana za ta riƙa faɗuwa a kan duwatsun San Gabriel bayan an dawo hutun rabin lokaci. Idan ɗaya ga Janairu ta faɗo ranar Lahadi sai a ɗage biki da wasa zuwa Litinin, al'adar da ta faro tun 1893.

To masu karɓar caca su ma ciwon 1902 ne ke damunsu, ta wata fuskar. Idan kowa ya san Michigan za ta ci Stanford, kowa a kan Michigan zai zuba kuɗi, dillali kuma ba shi da wanda zai karɓa daga hannunsa ya biya su. A da abin da ake yi shi ne a rage ribar wanda ya zaɓi mai ƙarfi, a ce sai ka zuba dala goma ka ci ɗaya, amma wannan ba ya jan mutane. A shekarun 1940 wata dabara ta bazu daga Shikago, wadda mafi yawan marubuta tarihin caca ke dangantawa da Charles McNeil, wani tsohon malamin lissafi da ya koma karɓar caca. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi tsere yana yaro: idan babba zai yi gudu da ƙarami sai ya ba shi rata. Lambar da kake gani rata ce. Idan an rubuta −7 a gefen USC, ma'anarsa za a cire wa USC maki bakwai daga abin da ta ci kafin a duba wanda ya yi nasara a wurin masu caca. In ta ci da tazarar takwas ko fiye, masu goyon bayanta sun ci. In ta ci da shida, ko aka doke ta, waɗanda suka zaɓi ɗaya ɓangaren ne suka ci. In tazarar ta tsaya daidai bakwai sai a mayar wa kowa kuɗinsa, kuma don kauce wa wannan ne ake ƙara rabin maki, kamar 2.5, tunda ba a cin rabin maki a fili. Saboda maki uku-uku da bakwai-bakwai suke zuwa, wasanni da dama da ɗaya daga cikin waɗannan tazarar suke ƙarewa, don haka bambancin da ke tsakanin 6.5 da 7.5 ya fi wanda ke tsakanin 8.5 da 9.5 nauyi nesa ba kusa ba.

Kuskuren da yawancin masu kallo ke yi shi ne ɗaukar ratar a matsayin hasashen dillali na yadda wasa zai ƙare. Farashi ce, kamar farashin buhun masara a kasuwa. Dillali yana buɗewa da lambar da lissafinsa ya ba shi, sannan ya riƙa matsar da ita gwargwadon kuɗin da ke shigowa da kuma labaran da ke fitowa, musamman idan ya ga ƙwararrun da ya sani suna tururuwa ɓangare ɗaya. Ribarsa tana cikin la'adar da yake cirewa. Tsarin da aka saba da shi a Amurka shi ne ka zuba dala 110 don ka ci 100. Idan mutum biyu suka zuba a ɓangarori biyu, dillali ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya riƙe 10 ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. Wannan kusan kashi huɗu da rabi ne cikin ɗari na duk abin da aka zuba. Wanda ya yi caca sau ɗari ya ci hamsin ya faɗi hamsin zai ɗauka bai ci ba bai faɗi ba, alhali ya karɓi dala 5,000 ya ba da 5,500. Kafin ya dawo da uwar kuɗinsa kawai sai ya riƙa dacewa a kashi 52.4 cikin ɗari. Idan kuma ya haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, irin yadda matasa ke yi a shagunan caca na garuruwanmu, la'adar ninkuwa take yi: a tsohon tsarin Las Vegas tikitin wasa uku ribar ninki shida yake biya, alhali adalcin lissafi ninki bakwai ne, wato rabon dillali ya haura kashi goma sha biyu cikin ɗari. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma ba fatawa ka nema a wurina ba, don haka zan tsaya a kan lissafi da tarihi.

Yanzu ga tambayarka ta uku, kuma tarihin Rose Bowl da kansa ya isa ya amsa ta. Daga 1947 zuwa 1959 ƙungiyoyin Big Ten sun ci wasa 12 cikin 13. Duk wanda ya rayu a lokacin zai rantse cewa 'yan tsakiyar ƙasa sun fi ƙarfin jiki, 'yan yamma kuwa hutu ya yi musu yawa. Daga 1970 zuwa 1987 sai reshe ya juye da mujiya, 'yan yamma suka ci 16 cikin 18, masu sharhi kuma suka samo sabon bayani, wai 'yan Big Ten gudu da ƙwallo kawai suka iya ba su san jifa ba, kuma shagalin Kalifoniya na ɗauke musu hankali. Bo Schembechler, ɗaya daga cikin manyan masu horarwa a tarihin Michigan, ya je Pasadena sau goma ya ci biyu. A 1971 Ohio State ta zo ba a taɓa doke ta ba a kakar, Stanford ta ci ta 27 da 17. A 1972 Michigan ta zo a irin wannan hali, Stanford ta sake ci 13 da 12. A 1976 Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wato UCLA, ta doke Ohio State mai matsayi na ɗaya a ƙasar da ci 23 da 10, alhali watanni uku kafin nan Ohio State ɗin ta casa ta 41 da 20. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai yana da ƙamshin gaskiya, amma bayan an gama wasa ake samo shi. Kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne duk tarihin da ka sani dillali ma ya sani, ya riga ya zuba shi cikin ratar kafin ka buɗe wayarka. Bugu da ƙari ƙungiyar jami'a ba ta daɗewa da fuska ɗaya, domin ɗalibi shekara uku zuwa biyar yake yi ya wuce, saboda haka Michigan ta 1981 da ta 2024 riga kawai suka haɗa.

A ganina babu wasan da ya kai na 4 ga Janairun 2006, lokacin da Rose Bowl ya kasance wasan tantance zakaran ƙasa. USC ta zo da nasara 34 a jere, da 'yan wasa biyu da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i na shekara, wato Matt Leinart da Reggie Bush, a filin da yake kamar tsakar gidanta, kuma dillalai suka ɗora mata ratar kimanin maki bakwai. Saura ƙasa da minti bakwai a tashi tana gaba 38 da 26. Jagoran abokiyar karawarta Texas, wato ɗan wasan da ke jefa musu ƙwallo, Vince Young, ya rage tazarar, sannan USC ta yi kasadar neman yadi biyu a yunƙurinta na huɗu don ta kashe wasan, aka tare LenDale White saura ƙiris. Young ya ja ƙungiyarsa har kusa da layi, ya rage masa yunƙuri ɗaya tal da yadi biyar, ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, ya zame ta dama da kansa ya shiga saura daƙiƙa 19. Aka tashi 41 da 38. A daren ya yi gudun yadi 200 ya kuma jefa na 267.

Wannan misali ne na wanda aka raina ya ci kai tsaye. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne inda mai ƙarfin ya ci a fili amma magoya bayansa suka yi asara. A 2017 an ɗora wa USC ratar wajen maki bakwai a kan Penn State, ta kuma ci 52 da 49 da bugun ƙarshe daidai lokacin da agogo ya ƙare. 'Yan wasa na rungumar juna a fili, wanda ya zuba kuɗi a kansu yana yaga tikiti.

Na 2021 ya fi wannan ciwo. Dokokin korona a Kalifoniya sun hana ko iyayen 'yan wasa shiga fili, sai aka kai wasan Arlington a jihar Teksas. Alabama ta wannan shekarar ta fi ƙarfin Notre Dame ƙwarai, har aka ɗora mata ratar da ta kusa maki ashirin, abin da ba a saba gani ba a irin wannan wasa na kusa da na ƙarshe a gasar zakaran ƙasa. Na kalli wasan cikin dare, kuma tun kafin hutu ba wanda ke shakkar wanda zai wuce. A zangon ƙarshe Alabama na gaba 31 da 7, tazarar 24, ta fi ratar. Daga nan mai horar da ita, Nick Saban, ba shi da sauran buƙata illa agogo ya ƙare yaransa su fita lafiya, domin akwai wasan ƙarshe a gabansu. Notre Dame ta riƙa rarrafawa gaba kaɗan-kaɗan, 'yan bayan Alabama na ja da baya suna barin gajerun jifa don su ci lokaci, har saura ƙasa da minti ɗaya jagoranta Ian Book ya kutsa daga yadi ɗaya. Aka tashi 31 da 14, tazarar 17. A fili wannan ci bai canza komai ba, masu sharhi ma sun riga sun koma zancen wasa na gaba, amma ya juya kuɗin duk wanda ya zuba a kan ratar daga aljihu zuwa aljihu. Amurkawa suna kiran irin wannan shigowa ta ƙofar baya. Wanda ya zaɓi Alabama bai yi kuskure ba wajen sanin wa ya fi, kuskurensa shi ne ya manta Saban nasara yake nema, ba ruwansa da maki goma sha tara da rabi.

A 'yan shekarun nan an sami wani sabon abu da tsohon tarihi bai san shi ba. Tsakanin ƙarshen kakar wasa da ranar Rose Bowl akwai kusan wata guda, kuma tun daga 2016, lokacin da Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na Jami'ar Louisiana State suka ƙi buga wasannin ƙarshen shekara na jami'o'insu don kada su ji rauni kafin ƙungiyoyin ƙwararru su ɗauke su, fitattun 'yan wasa da dama suka bi sahu. Kafin wasan 2022 manyan masu cafe ƙwallo biyu na Ohio State, Garrett Wilson da Chris Olave, suka janye, ratar da aka ɗora mata a kan Utah ta sauko daga kusan bakwai zuwa kusan huɗu. Mai hankali zai ce jifan Ohio State ya mutu. Sai ga Jaxon Smith-Njigba ya cafe ƙwallo 15 na yadi 347, C.J. Stroud ya jefa yadi 573, Ohio State ta ci 48 da 45. Wanda ya zaɓi Utah ya ci kuɗi, amma dalilin da ya sa ya zaɓe ta bai tabbata ba ko kaɗan.

Tsarin wasan shi ma ya canza har tsohuwar yarjejeniyar ta zama labari. Daga kakar 1998 Rose Bowl ya shiga tsarin tantance zakaran ƙasa, daga kakar 2014 ya riƙa karɓar wasan kusa da na ƙarshe duk bayan shekara uku, a irin haka ne Georgia ta ci Oklahoma 54 da 48 a 2018 bayan ƙarin lokaci sau biyu, Michigan kuma ta ci Alabama 27 da 20 a 2024 a wasan da ya zama na ƙarshe ga Saban. A wannan shekarar ta 2024 USC da UCLA da Oregon da Washington suka bar rukunin yamma suka koma Big Ten saboda kuɗin talbijin, aka kuma faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12. Shi ya sa a 1 ga Janairun 2025 ƙungiyoyin Big Ten biyu ne suka haɗu a Pasadena. Oregon ce ta ɗaya a ƙasar, ba a doke ta ba a wasa 13, har ta ci Ohio State ɗin a watan Oktoba, amma duk da haka dillalai Ohio State mai matsayi na takwas suka ɗora wa ƴar rata ta maki biyu da rabi. Kafin a je hutu Ohio State ta kai 34 da nema, aka tashi 41 da 21. Kasuwa ta hango wanda ya fi inda jadawalin matsayi bai hango ba, amma ta kuskure tazarar da fiye da maki goma sha bakwai. A matsakaici ratar tana kusa da gaskiya har ba a iya cin ta a kai a kai, a wasa ɗaya kuwa takan yi nisa da ita ƙwarai, kuma wannan nisan ne ke sa wanda ya dace sau ɗaya ya ɗauka ilminsa ne.

Saura batun doka, wanda shi ma yana da nasa tarihin. Shekaru da yawa jihar Nevada ce kaɗai ake karɓar cacar wasa ɗaya-ɗaya a fili. A 1951 gwamnatin tarayya ta ɗora harajin kashi goma cikin ɗari a kan kuɗin da aka zuba, wanda ya fi la'adar dillali, sai harkar ta koma bayan fage, ba ta farfaɗo ba sai da aka rage shi zuwa kashi biyu a 1974. A 1992 majalisar dokoki ta hana sauran jihohi halatta cacar wasanni, kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA na cikin waɗanda suka kai jihar New Jersey kotu don kare wannan doka. Tsoronta yana da dalili, domin rata ta buɗe wata ƙofar maguɗi da babu ita a da: ɗan wasa ba sai ya sa ƙungiyarsa ta faɗi ba, ya isa ya bari ta ci da tazara kaɗan, kuma ɗalibin da a wancan lokaci ba a biyansa albashi ya fi sauƙin saye. Abin kunyar da ya girgiza ƙwallon kwando ta jami'o'in New York a 1951 irin wannan ne, a 1996 kuma Boston College ta dakatar da 'yan ƙwallonta 13 saboda caca. Ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992, kuma cikin shekaru kaɗan fiye da jihohi 30 suka halatta, harkar ta koma cikin waya. A 2024 shugaban NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi su hana caca a kan ƙwazon ɗalibi guda, kamar yadi nawa wane zai jefa, saboda zagi da barazanar da waɗanda suka yi asara ke aika wa yaran, kuma jihohi irin su Ohio da Maryland da Louisiana sun hana.

Kalifoniya kuwa ba ta shiga ba. A zaɓen Nuwamban 2022 an gabatar wa mutanen jihar ƙudurori biyu na halatta cacar wasanni, ɗaya a gidajen cacar ƙabilun asali da filayen sukuwa, ɗaya ta intanet, aka kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen kamfe, suka yi watsi da duka biyun, na intanet ɗin ma da fiye da kashi tamanin cikin ɗari. Saboda haka mutumin da ke zaune a kujerar filin Rose Bowl yana kallon wasan da idonsa ba shi da damar zuba kuɗi a kan ratar a wurin dillali mai lasisin jiharsa, sai dai ya kama hanyar Las Vegas, tafiyar wajen awa huɗu a mota.